Kada fentin kwalba ya ruɗe ku

Ƙannena masu sha'awar tsofaffin rediyo da amfilifaya, ku matso ku ji asarar da na tafka, ko kwa tsira da 'yan kuɗinku. Maganar bawul nake, 'yan kwalaben nan da ke yin ja a cikin rediyon kakanninmu kafin zuwan tiransisto.

Ina sabon shiga wani dillali ya turo mini hoton bawul nau'in ECC83 guda biyu, wadda Amurkawa ke kira 12AX7, da tambarin Mullard, tsohon kamfanin Ingila, fes a jiki. Jikina na rawa na biya, cinikin biri a sama. Da suka iso na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo, ina ta hura hanci. Ko kallon tambarin bai yi ba. Ya gyara tabarau, ya juya kwalbar a hasken taga, ya ce, "Yaro, ina rubutun gindin?" Na ce, "Baba, wane rubutu?" Dariya kawai ya yi.

Ashe masana'antun da ke ƙarƙashin Philips, har da Mullard, suna ƙona wasu mitsi-mitsin baƙaƙe layi biyu a ƙasan gilashin, toka-toka, goge ba ya fitar da su. Layin sama nau'in bawul ɗin ne. Na ƙasa yana farawa da alamar inda aka ƙera shi: B na nufin Blackburn a Ingila, ɗan zane mai kusurwa uku Heerlen ta Holan, D kuwa Hambug ta Jamus. Sai lamba ɗaya, ƙarshen shekara, sai harafin wata. In kun ga B2C, to Blackburn ce, watan Maris, shekarar da ta ƙare da 2. Ko 1962 ce ko 1972, sai fasalin ƙarfen ciki ya raba gardama. Nawa babu ko ɗigo. Sabbi ne ƙirar Saratov ta Rasha, inda ake buga sunan Mullard a yau, dillalin ya kankare sunan ƙasar. Suna aiki lafiya lau, ban raina su ba, amma kama da wane ba ta wane, kuma kuɗin tsoho na biya.

Wauta ta biyu ta fi ci mini rai. Na ciro wani bawul daga mataccen rediyo, sunan jikinsa ban taɓa jin sa ba, na ba wani yaro kyauta. Bayan kwana biyu ya dawo yana nuna mini ɗan zanen daimon da ke cikin gilashin gindi, tsakiyar ƙafafu. Alamar kamfanin Telefunken na Jamus ce, bawul mai daraja! A wancan zamanin kamfanoni kan sayi bawul a hannun juna kowa ya buga sunansa, shi ya sa za ku ga Amperex ta Amurka alhali a Holan aka yi ta. Kyauta ba ta dawowa, na haɗiye.

Na Amurka kuwa ku nemi lamba uku a jiki: 274 RCA, 188 GE, 312 Sylvania. RCA kan kewaye lambar nau'in da zane mai kusurwa takwas.

Kada kuma ku yi gwanintar tsabta. Na taɓa sa jiƙaƙƙen tsumma a wata Telefunken, farin rubutunta ya bi tsumman kamar alli, darajarta ta faɗi nan take. Busasshen ƙyalle ya isa, shi ma a kauce wa rubutu.

Yanzu duk mai son sayar mini, hoto uku nake nema kafin mu yi maganar farashi: gindi, gefen ƙarfen ciki, da ƙoƙon kai. Wannan shafen mai kama da madubi a saman kwalba in ya koma fari fat kamar gari, iska ta shiga, bawul ya mutu, ko sunan wa ke jikinsa. Makon jiya wani ya ce kyamarar wayarsa ba ta ɗaukar gindi, na ce Allah ya kawo kasuwa.