Kalma ɗaya ta ɓata mini labarin Ka'aba

Shekara biyu ke nan, amma har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Da na dawo daga aikin Hajji, abokan aikina a wani asibiti da ke Birmingham suka ce in ba su labari lokacin shan shayi. Yawancinsu ba Musulmi ba ne, amma sun kasa kunne sosai. Mina, Arfa, jifan Shaiɗan, duk na bayar lafiya lau. Sai na zo kan ganin Ka'aba karon farko: tsigar jikina ta tashi, gwiwoyina suka saki, addu'ar da na haddace tun a jirgi ta ɓace mini ƙaf. Na san "awe" na nufin kwarjinin da ke cika zuciya, na kuma san "ful" cika ne. Sai na haɗa su, na ce "it was awful."

Ɗakin ya yi tsit. Wata dattijuwa a cikinmu ta dafa kafaɗata cikin tausayi, tana tambaya ko cunkoso ne ya wahalar da ni. Ban gane ba, na ci gaba da zuba.

Sai washegari ta ja ni gefe. Ashe a tsohon Turanci kalmar tana da ma'anar da na nufa, amma yau ma'anarta abu mummuna, marar daɗi. Ɗakin Allah fa! Na kwana ina istigfari, ko da yake na san niyyata.

Ita ta koya mini abin da ya dace: "I was in awe", ko "I was moved to tears" idan hawaye ya zubo. Ta ce in guji "awesome", don yanzu har gurasa da nama ana yabawa da ita, ta yi arha. "Touched" kuwa na da kyau ga alherin da wani ya yi maka, amma tsofaffin Turawa kan faɗe ta ga mai taɓin hankali, kamar yadda mu ma muke cewa taɓaɓɓe. Tun daga nan ba na ƙera kalmar zuciya da kaina. Sai na ji ta a bakin mai harshen, na ga inda ya ajiye ta.

Na sake ba da labarin a mako na gaba, da kalmar da ta dace. Amma mutum uku daga cikin na farko an riga an sauya musu sashen aiki, kuma har yau ban samu na gyara musu ba.