Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Makon da Muryata ta Dishe

A makon jiya na tsaya a inda aka miƙa mini takardar kama aiki a 2018, cikin sababbin malaman da Jihar Kaduna ta ɗauka bayan jarrabawar nan ta 2017 da ta yi awon gaba da malaman firamare sama da 21,000. Na kuma gaya muku an tura ni wata makaranta a Rigasa, ni da nake zaune da Mama a Tudun Wada, kullum sai na hau Keke biyu kafin in isa. Sunan makarantar dai ku bar mini shi a ciki.

'Yan aji biyu aka ba ni. Yara 94 a rijista, benci goma sha ɗaya, sauran kuwa kowa da buhun da yake shimfiɗawa a ƙasa. Tsofaffin malamai sun ce tun da aka fara ciyar da 'yan firamare a 2016 ajujuwa suka cika suka batse haka. Ni dai abin da na sani, idan na tsaya a gaban allo, na layin baya ko fuskarsu ba na gani sosai.

To da me zan riƙe yara 94? Da maƙogwaro da tsumagiyar dogon yaro. In ɗaga murya in ce, "Biyu da biyu?" Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Huɗu!" har kwanon rufi ya amsa. Duk wanda ya wuce ta taga zai ce lallai sabuwar malamar nan tana aiki. Ni ma haka na ɗauka. Sai ranar da na bi su ɗaya bayan ɗaya na gane 'yan amshi na tara: yara shida ko bakwai ne a gaba suke ba da amsa, sauran suna bin bakinsu. A Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Zariya an karantar da mu cewa yaro ya fi riƙe abin da ya yi da hannunsa a kan abin da aka faɗa masa. Na haddace, na rubuta a jarrabawa, na ci maki mai kyau, na baro shi can a Zariya.

Akwai wata yarinya a can kusurwar baya, ta girmi 'yan ajin, za ta kai shekara goma. Zan kira ta Mai Awara, don haka yara suke kiranta. Kullum a makare take zuwa, hijabinta yana ƙamshin mai da yaji, ta zauna ta jingina da bango, kafin a daɗe ta fara gyangyaɗi. Ba zan ɓoye ba, na sha zane ta. Wata Juma'a na ba su aikin aji, cikin tambayoyin har da 50 − 30. Ta zana wani abu mai kama da ƙugiya. Na zagaya mata ƙaton ƙwai da jan biro, na ce mata daƙiƙiya a gaban kowa. Allah ya yafe mini wannan.

Ana cikin haka hunturu ya sauko. Wanda ya san Rigasa a watan Disamba ya san ƙurarta. Ga ƙurar hanya, ga ta alli, ga ihun da nake yi tun safe har azahar. Ranar wata Litinin na tashi sallar asuba na buɗe baki in gaida Mama, sai iska kawai ta fito. Ta dafa mini citta da kanumfari, ta matsa lemon tsami ta zuba zuma, ta ce, "Ki zauna a gida mana, 'yar nan." Ina fa! Ban cika shekara a aiki ba, kuma kowa ya ga abin da ya sami na gabanmu.

Na shiga aji na rubuta a allo da manyan baƙaƙe cewa a yi shiru, Malama ba ta da lafiya. Sai da na juyo na gane wautata: wa zai karanta? Waɗanda suka iya haɗa baƙi a ajin nan ba su kai goma ba. Na buga tebur, na kaɗa tsumagiya, a banza. Da ƙyar muka kai tara.

Da aka kaɗa ƙararrawa na je na zauna a kan bencin Baba Maigadi, kaina yana sarawa. Ashe a ɗakinsa Mai Awara take ɓoye bokitinta. Ta fito da shi, yara suka yanyame ta, ni kuwa tun da ba bakin magana, sai na zuba ido. Biyar-biyar take sayarwa. Wani ya miƙa mata hamsin ya ce na talatin. Wata ta ba da Murtala tana son na sha biyar. Wani malami ya aiko da ɗari biyu a ba shi na saba'in, a sa yaji da yawa. Hannu ɗaya yana tsame awara da cokali, ɗayan yana cikin 'yar jakar da ta ɗaura a ƙugu, tana fitar da canjin kowa ba ta ko tsayawa tunani. A tsakiyar wannan hidima ta ɗago ta ce wa wani yaro, "Kai, goma ta ta ranar Alhamis fa?"

Hamsin, a sayi na talatin. Tambayar da na ba ta ƙwai a kai ke nan.

Bayan tara na yafito ta. Ta taso tana jan ƙafa, da ta matso sai ta ɗaga gwiwar hannu ta kare kanta. Har yau in na tuna wannan hannun sai in ji wani abu ya tokare ni. Na jawo ta na raɗa mata a kunne, "Ki koya musu ba da canji."

Ta ce, "Malama, ni ai ban iya lissafi ba."

Na ce, "Wanda ya ba ki Murtala ya sayi na sha biyar fa?"

"Biyar ce canjinsa mana."

Na nuna mata gaban allo.

Ranar farko dai hauka muka yi. Tsakuwa ce awara, ganyen dogon yaro ne kuɗi, kowa yana so ya saya a lokaci ɗaya, aka yi dambe biyu, wani ya ce an ƙwace masa dukiya ya fashe da kuka. Amma na lura da abu guda: babu wanda ya yi barci. Kafin a tashi na sa monita ya sanar, gobe kowa ya zo da abin da aka yar a gidansu.

Washegari sai ga marafan lemo, gwangwanayen madara da na tumatir, kwalayen ashana da na sukari, har da wani tsohon silifa warin ƙafa. Na karɓo kwalayen Indomie a shagon bakin makaranta muka yayyanka, na fito da kuɗin jakata na baje a tebur, na ce kowane rukuni su zana irin nasu. Nan ma wani darasin ya ɓullo wanda ban shirya ba. Kowa ya san ashirin ita ce Murtala, amma babu wanda ya san mutum ne, shugaban ƙasa ne, kuma sunansa ne a kan dandalin da ake hawan salla a nan Kaduna. Mai zana ɗari biyu ya tsaya yana gyara rawani, na raɗa wa monita ya faɗa musu Sardauna ne, Firimiyan Jihar Arewa, kuma gidan da ake kira Gidan Arewa a garin nan wurinsa ne. Wata 'yar Gbagyi da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta juya bayan ashirin ta ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, ta ce da ƙarfi, "Haka kakata take yi!" Na ce ai Ladi Kwalin ma Gbagyi ce. Ranar yarinyar nan ba ta bari kowa ya taɓa ashirin ɗinta ba.

Muka kasa ajin gida takwas. Shago bakwai, banki ɗaya. Wani yaro ya ƙi sayar da komai sai tikitin jirgin ƙasa na Abuja, wai babansa yana dako a tasha, aka bar shi. Su da kansu suka zaɓi Mai Awara sarkin kasuwa, da na ce mace ai sarauniya ce suka ce a'a, kasuwa sarki take da shi. Doka ɗaya na kafa: duk cinikin da aka yi sai an rubuta shi a littafin shago, abin da aka bayar, abin da aka saya, da canji.

A nan ne na koyi abin da ya fi komai yi mini amfani. Na tsuguna kusa da ita ina sauraron yadda take nuna wa wani ƙaramin yaro. Ba ta ɗebe talatin daga hamsin. Daga talatin take hawa. Ta dire masa kwalin goma a tafin hannu ta ce, "Arba'in." Ta ƙara wani, "Hamsin. Nawa na ba ka?" Ya duba hannunsa ya ce ashirin. Shi ke nan. Ba aro, ba ajiye ɗaya a ka, ba komai. Haka duk mai talla yake yi, haka kwandastan bas yake yi, ni kaina haka nake yi a kasuwa, amma ban taɓa kawo wa raina cewa wannan da abin da ke cikin littafi abu ɗaya ne ba. Na ɗauki alli na rubuta 50 − 30 a allo, na nuna mata 50 na ce kuɗin da aka ba ki, na nuna 30 na ce awarar da aka ɗauka, na buga alli a bayan alamar daidai. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Au! Dama canji ake tambaya?"

Shekara biyu tana zaune a makaranta, babu wanda ya gaya mata canji ake tambaya. Ga shi kuma da Turanci nake karanta musu tambayoyin, alhali manufar ilimi ta ƙasa da ake bi a lokacin, tun daga 1977, ta ce a fara karantar da yaro da harshen da ake yi a inda yake. Mu ne dai muke ganin in ba a yi Turanci ba kamar ba a yi boko ba.

Ranar Laraba hayaniya ta kai ofis. Sai ganin Hedimasta na yi a ƙofa, hannu a baya.

"Malama, aji ne wannan ko Kasuwar Barci?"

Na rusuna na ce cikin raɗa, "Lissafi muke yi, ranka ya daɗe."

Bai ce komai ba. Ya zaro ɗari ta gaske daga aljihu, ya nufi wani ɗan tsurut mai shagon ashana, ya ce a ba shi na talatin da biyar. Gabana ya faɗi, don yaron nan ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ya karɓa, ya duƙa kan kwalayensa yana motsa baki, ya miƙa biyar, ya miƙa goma, ya miƙa hamsin. Sannan ya ƙi mayar da ɗarin, wai ai an yi ciniki. Hedimasta ya danne dariya da tari. A waje kuma ya ja ni gefe ya ce, "Na gani, Malama. Amma in masu duba makarantu suka zo daga ƙaramar hukuma, littattafan yara za su buɗe, su duba ko kin bi manhaja mako-mako. Kwalin Indomie ba zai cece ki ba." A lokacin na ji haushi. Yanzu na san gaskiya ya faɗa mini, kuma rufa mini asiri yake yi.

Wadda na zata za ta fi kowa faɗa ita ce Hajiya mai aji uku, don bangon da ke tsakaninmu bai kai rufi ba. Tsohuwar malama ce, tana cikin waɗanda suka tsallake jarrabawar 2017. Da aka tashi ta kira ni ajinta, ta buɗe kabad ta fito da wata leda cike da katunan baƙaƙe da lambobi, ta ce tun horon shirin inganta ilimi na ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi, suke ajiye. "Na gwada, ƙanwata, yawan yara ya kayar da ni. Ke da sauran ƙarfinki." Ta kuma koya mini dabara: kada in ƙara neman shiru da baki. In tafa sau uku, su amsa da tafi biyu su kama kunne. Abin kamar wasa, amma har yau da shi nake aiki.

Kada ku ɗauka komai ya tafi daidai. Masu baki sun mamaye shaguna, masu kunya suka koma 'yan kallo, sai da na riƙa juya su kowane minti goma. An sace rabin kuɗin banki. Ranar Alhamis da muryata ta fara dawowa, wallahi ban san lokacin da na ɗauki tsumagiya na koma "biyu da biyu" ba, sai da na hango 'yar Gbagyin nan ta kifa kai a gwiwa sannan na ajiye.

Mai Awara kuwa ta zama wata daban. Alhamis da Juma'a ta riga ni zuwa. Ko an fita tara ba ta fita, yara suna kewaye da ita tana duba musu littafin shago, tana kama masu cuwa-cuwa. Ni ina gefe ina jin daɗi, ban yi tunanin komai ba. Ranar Juma'a da za mu tafi ne Baba Maigadi ya tare ni ya ce, "Malama, bokitin yarinyar nan fa kwana biyu ke nan yana komawa gida yadda ya zo." Na ce to Baba, na wuce ina sauri kar in rasa Keke.

Ranar Litinin kusurwarta babu kowa. Talata ma haka. Yara suka ƙi buɗe kasuwa, wai ba sarki. Da na matsa da tambaya, wata maƙwabciyarsu ta ce, "Malama, Innarsu ce ta ce ta bar zuwa."

Da aka tashi na sa yarinyar a gaba, muka bi lunguna muna tsallake kwata har wani gida mai ƙyauren langa-langa. Tun daga zaure nake jin ƙaurin mai. Na yi sallama sau biyu. A tsakar gida wata tsohuwa ce zaune gaban kasko, ga madarar waken suya tana tsanewa a cikin buhu, ga Mai Awara a tsugune tana hura wuta, ta ƙi ɗagowa. Na durƙusa na ce, "Ina wuni, Inna?"

Ba ta amsa ba sai da ta gama juya na cikin kaskon ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke ce malamar? Jawo kujerar can. Dama ina nemanki."

Za mu ɗora daga nan mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.