Tauraro mai tsini takwas ya haɗu, sai da na je Granada

Jama'a wallahi yau ya haɗu! Wata huɗu ina fama da zanen taurari masu tsini takwas da ke sarƙe da juna, irin adon gine-ginen Musulunci, tauraro na farko ya fito tsaf, na biyu haka, da na kai na huɗu sai layukan su ƙi gamuwa, a samu giɓi kamar milimita biyu, kuma kun san a wannan sana'ar milimita biyu ɓarna ce babba. Na zargi kamfas ɗina na zana da'ira, har na shiga wani shago nan Granada a ƙasar Sifaniya na sayi sabo yuro 14, kuɗin ya min ciwo sosai, amma matsalar tana nan daram.

Jiya na shiga Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi ta Granada. Tikitin fadojin Banu Nasr, wato gidan sarautar da ya gina su, da lokaci a jiki, in ka makara shikenan, ga fasfo da ake dubawa a ƙofa. Mutane duk sun yi rububi wajen zakunan dutse 12 na tsakar gidan da Muhammad na biyar ya gina a ƙarni na 14, ni ma na tsaya kaɗan, ga "wa la galiba illallah" an sassaƙa ko'ina a bango, amma hankalina na kan tayil ɗin ƙasan bangon zauren Comares, babban zauren fadar.

Na durƙusa daidai inda aka yarda a tsaya, ina bin farin zaren zanen tayil ɗin da ido, yadda yake hawa kan wani ya nutse ƙarƙashin na gaba, sak saƙar tabarma. Nan na gane wautar da nake yi. Ni idan na gama layukan fensir, sai in ƙara kaurin zaren ta gefe guda, wani lokaci ciki wani lokaci waje, yadda hannu ya kama. Ashe layin farkon nan tsakiyar zaren ne, rabin kauri a dama rabi a hagu, a ko'ina. Shi ya sa tsinina ke gocewa kaɗan kaɗan har kuskuren ya taru a na huɗu. Ina ganin tayil ɗin, gutsure-gutsure ne aka yanka aka jera, faɗin farin bai canza ba ko da wajen lanƙwasa.

Ban iya zana komai a ciki ba, ana ta turo mu gaba, hoto kawai na ɗauka. Da daddare a masauki na shimfiɗa takarda, milimita ɗaya da rabi kowane gefe, fensir mai tauri (2H) mai kaifi, ban goge layin tsakiya ba sai da na gama duka. Taurari tara, duk sun gamu! Na daɗe zaune ina kallonsa, daɗi kamar me.

Saura saƙar sama da ƙasa, a kusurwa ɗaya zare biyu sun hau sama a jere, sai na sake bi. Gobe da yamma zan hau tsohuwar unguwar Albaicín wajen dandalin San Nicolás da ɗan littafina, in gwada fenti, duk da zafin garin nan yana busar da ruwan tun kafin burushi ya gama tafiya.