Yadda na koyi ƙirga Tintal da baki da tafin hannu

A birnin Banaras na koyi Tintal, wajen wani dattijo makaɗin gangar da ake kira tabla, lokacin da karatu ya kai ni Indiya. Tintal zagayen kiɗa ne mai bugu 16, an kasa shi gida huɗu, kowane gida bugu huɗu. Da an kai ƙarshe sai a dawo bugun farko, wanda suke kira sam, inda makaɗi da mawaƙi ke haɗuwa.

Da farko malam bai bar ni na taɓa ganga ba. Da baki nake faɗin kiɗan: dha dhin dhin dha, dha dhin dhin dha, dha tin tin ta, ta dhin dhin dha. Wannan bai zame mini baƙon abu ba, don wanda ya tashi yana jin kalangu ya san ganga na magana. Hannu kuma yana tafi a bugu na 1, na 5 da na 13. A na 9 ba a tafi, sai dai a juya tafin hannu sama. Wannan gurbin shi ne khali.

A kan khali muka fi daɗewa, shi ne kuma ya buɗe mini kunne. Tabla ganguna biyu ce: ƙarama ta itace a dama, da babba ta ƙarfe a hagu mai zurfin amo, ana ce mata "bayan" a yarensu. Da an wuce bugu na 9 sai amon babbar ya ɗauke, ƙaramar kaɗai ke magana, ba zai dawo ba sai a na 14. Malam kan ce mini, "Ɗana, bar ƙirga, saurari inda amon ya ɓace." Mawaƙin da ya yi nisa cikin waƙarsa da wannan yake gane inda aka kwana, ya shirya sauka a kan sam. A ganina duk hikimar Tintal a nan take.

Kiɗan sauri yana ɗaukar mutum da kansa. Na sannu, vilambit, shi ne mai wuya, domin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu a ƙirjinka za ka riƙe ta.

Sai da Tintal ya zauna mini sannan malam ya kawo Rupak, mai bugu 7, uku da biyu da biyu. Shi kuwa a kan khali yake farawa: bugun farko, mafi girma, ba a yi masa tafi. Sai muka ajiye ganga, muka sake komawa baki da hannu.