Yadda faffaɗan allo da hoton HD suka sauya shirye-shiryen gasa a talabijin

A ranar 11 ga watan Satumba na shekarar 2006 ne shirye-shiryen gasa biyu da suka fi kowanne suna a Amurka, wato Jeopardy! da Wheel of Fortune, suka fara fitowa da hoto mai tsabtar da ake kira HD, a kan allo mai faɗi. Duka biyun a sitidiyon kamfanin Sony da ke Culver City a jihar Kalifoniya ake ɗaukar su, kuma aikin sauya kyamarori da fitilu da wayoyi da na'urorin tace hoto ya ci kimanin dala miliyan 4. Na daɗe ina bibiyar irin waɗannan shirye-shirye, tsofaffinsu da sababbinsu, kuma abin da na fahimta shi ne sauye-sauye biyu ne suka zo a tare har mutane suka ɗauke su abu ɗaya: ƙarin tsabtar hoto daban, ƙarin faɗin allo daban. Na farkon ya amfani shirin gasa tun daga ranar farko, amma na biyun sai da aka yi shekaru kafin a san yadda za a ci moriyarsa.

Tsohon akwatin talabijin yana da siffar 4:3, ma'ana idan faɗinsa kamu huɗu ne, to tsayinsa kamu uku ne, shi ya sa yake kusan murabba'i. A Amurka hoton yana zuwa ne a layuka 525, waɗanda kimanin 480 daga cikinsu ne ido ke gani, a yawancin ƙasashen Turai kuwa layuka 625 ne, ana ganin 576. Sabon tsarin ya zo da siffar 16:9, wadda wani injiniya mai suna Kerns Powers ya ba da shawararta a shekarun 1980 domin ta zama tsaka-tsaki tsakanin siffar talabijin da siffofin fina-finan silima. Layukan kuma suka koma 720 ko 1080, inda tashoshin ABC da Fox suka zaɓi na farko, CBS da NBC suka zaɓi na biyu. Hoto mai layuka 1080 yana ɗauke da ɗigo fiye da miliyan 2, kusan ninki shida na tsohon hoto.

Dalilin da ya sa nake ganin tsabtar hoto ta fi muhimmanci ga shirin gasa fiye da yadda take ga wasan kwaikwayo shi ne, mai kallon gasa ba ɗan kallo ba ne kawai, shi ma ɗan takara ne daga inda yake zaune. Wanda ke kallon Wheel of Fortune idonsa na kan allon haruffa mai gurabe 52 a jere huɗu, yana ƙoƙarin gano jimlar da aka ɓoye kafin 'yan takarar su gano ta. Wanda ke kallon Jeopardy! yana karanta sunayen rukunoni shida da tambayoyi talatin da ke ƙarƙashinsu, kuma yana so ya gama karanta tambaya kafin mai gabatarwa ya gama furta ta. Shiri ne da aka gina a kan rubutu da lambobi, kuma rubutu shi ne abin da tsohon hoto ya fi cutarwa. Ƙananan haruffa kan yi rawa, gefunansu su narke, jan launi ya zubo ya shiga na kusa da shi. Shi ya sa masu tsara tsofaffin shirye-shirye suka dogara da manyan haruffa masu kauri da launuka kaɗan, kamar farin rubutu a kan shuɗi, kuma dole ne kyamara ta matso sosai kafin a iya karanta adadin kuɗin da ɗan takara ya tara. Da HD ya zo, sai ya zamana ana iya nuna allon gaba ɗaya daga nesa kuma a karanta kowane gurbi, a ga 'yan takara uku a tsaye da makin kowannensu a lokaci guda ba tare da an yi ta yanka hoto daga wannan zuwa wancan ba. Wannan ya rage wa mai kallo wahala, ya kuma ba shi daƙiƙa ɗaya ko biyu na ƙarin tunani, waɗanda a wasan da ake auna shi da daƙiƙoƙi ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan rubutu sai fuska. Shirin Who Wants to Be a Millionaire?, wanda ya fara a tashar ITV ta Birtaniya a 1998 da Chris Tarrant a matsayin mai gabatarwa, kafin ya isa Amurka a 1999 da Regis Philbin, ya nuna cewa mutum ɗaya a zaune a kujera yana shakkar amsarsa zai iya riƙe miliyoyin masu kallo. Irin wannan shiri yana rayuwa ne a kan abin da fuska ke nunawa: gumin da ke tsatsowa a goshi, motsin leɓe, idon da ke yawo tsakanin zaɓi biyu. Tsohon hoto yakan shafe yawancin waɗannan alamomi, sabon kuwa yana kawo su kamar kana zaune a gaban mutumin, har ka ji tausayinsa ya kama ka. Sai dai wannan tsabtar ba ta zaɓen abin da za ta nuna. Kamar yadda take fito da damuwar ɗan takara, haka take fito da ƙarcen da ke jikin teburi, da fentin da ya ɓare, da ƙurar da ta kwanta a ƙasan dandali, da hodar da aka yi wa mai gabatarwa idan ta yi yawa. Kayan adon dandali da aka yi shekaru ana lallaɓawa da katako da fenti, saboda an san kyamara ba za ta tona asirinsu ba, dole aka sake gina su, masu kwalliya kuma suka sake koyon aikinsu da sababbin kayan shafa masu laushi. Wani kaso na kuɗin sauyin a nan ya tafi, ba a kan kyamarori kaɗai ba.

Maganar faɗin allo kuwa daban take. Idan tsayi ɗaya ne, allon 16:9 ya fi na 4:3 faɗi da kashi ɗaya bisa uku, kuma da farko mutum zai zaci wannan fili kyauta ce ga masu shirya gasa. Amma a 2006 yawancin gidaje a Amurka tsohon akwati suke da shi, kuma sai ranar 12 ga Yuni, 2009 aka kashe tsohon tsarin watsa shirye-shirye na manyan tashoshi aka koma dijital gaba ɗaya. Ko bayan wannan ranar, mutane da yawa ƙaramar na'urar sauya sigina suka saya suka haɗa da tsohon akwatinsu. Hanyar da aka fi bi wajen ba waɗannan mutane hoto ita ce a datse gefen dama da na hagu a bar tsakiya, wanda ke nufin rubu'in hoton ya tafi. Saboda haka aka kafa wa masu ɗaukar hoto da masu zanen rubutu ƙa'ida: duk abin da ke da muhimmanci, tambaya ce ko maki ko agogon ƙidayar lokaci ko fuskar mai magana, dole ya zauna a cikin murabba'in tsakiya. Duk wanda ya kalli shirye-shiryen waɗannan shekaru da idon basira zai lura cewa gefunan allon kusan fanko ne, babu komai sai fitilu da labule da adon bango. An sayi faɗi da tsada, amma an hana kowa shiga cikinsa, kuma ban ga laifin masu shirin ba, domin tambayar da aka datse wa kalmar farko ta lalata wasan ga wanda yake gida.

A Birtaniya lamarin ya bi wata hanya, kuma ita ce ta fi nuna cewa sauye-sauyen biyu ne. A can faffaɗan allo ya riga HD zuwa da shekaru, domin tun daga ƙarshen shekarun 1990, da aka fara watsa shirye-shirye ta dijital, ake ɗaukar shirye-shirye da yawa a siffar 16:9 alhali layukan na nan 576. Domin masu tsohon akwati, sai aka ɓullo da siffar sasantawa ta 14:9, wadda ke datse gefuna kaɗan ta kuma bar siraran baƙaƙen layuka sama da ƙasa. BBC ta fara gwajin tashar HD a 2006, kuma ƙasar ba ta kammala komawa dijital ba sai a watan Oktoba na 2012.

Abin da ya sa shirye-shiryen gasa suka makara, idan aka kwatanta da wasannin motsa jiki da manyan wasannin kwaikwayo na dare, batu ne na kuɗi da na hanyar rabawa. Ƙarfin shirin gasa a wurin masu tashoshi shi ne arha: dandali ɗaya ne, mai gabatarwa ɗaya, kuma Jeopardy! kan ɗauki shirye-shiryen mako guda, wato guda biyar, a yini ɗaya. Wanda ya saba da irin wannan tattali ba ya gaggawar kashe miliyoyi a kan abin da mafi yawan masu kallonsa ba za su gani ba tukuna. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin waɗannan shirye-shirye ba mallakar babbar tasha ɗaya ba ne, sayar da su ake yi ga ƙananan tashoshi na birane ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace tasha tana bukatar na'urar karɓar shirin daga tauraron ɗan'adam, da adana shi, da sake watsa shi a HD a lokacin da ta ga dama. Tashar da ke iya isar da shirin HD kai tsaye daga uwar tasha ba lallai ne ta iya wannan ba. Shi ya sa jerin gwanon ya yi tsawo: The Price Is Right ya koma HD a 2008, Family Feud sai a 2012, Let's Make a Deal kuwa ya kai 2014.

The Price Is Right shi ne shirin da, a ganina, faɗin allo ya fi yi wa rana, saboda 'yan takararsa daga cikin 'yan kallon da ke zaure ake kiran su. Idan aka ambaci sunan mutum ya miƙe da ihu ya nufo gaba, faffaɗan hoto yana ɗauke shi tare da layukan mutanen da ke tafa masa, kuma idan aka buɗe ƙofa aka nuna mota, ana ganin motar da mai murnar a hoto ɗaya. Haka ma Family Feud, inda iyalai biyu masu mutum biyar-biyar ke fuskantar juna, siffarsa tun asali a kwance take, kamar an yi ta domin 16:9. Da tsofaffin akwatuna suka ƙare a gidaje, ƙa'idar murabba'in tsakiya ta sassauta, masu zane suka fara shimfiɗa rubutu da maki har gefe, dandali kuma ya cika da manyan allunan bidiyo. Allon haruffan Wheel of Fortune, wanda Vanna White, mataimakiyar mai gabatarwa, ke juya gurabensa da hannu har zuwa 1997, sannan ya koma ƙananan allunan da take taɓawa, a 2022 ya zama faffaɗan allo guda ɗaya.

Akwai abin da ke damuna a cikin wannan tarihi, kuma shi ne makomar abin da aka ɗauka kafin sauyin. Tsofaffin wasannin kwaikwayo da yawa a kan fim na milimita 35 aka ɗauke su, kuma fim yana riƙe da tsabtar da ta wuce abin da talabijin na lokacin ke iya nunawa, don haka ana iya komawa a sake kwafe shi a HD. Shirye-shiryen gasa kuwa a kan kaset ɗin bidiyo aka ɗauke su, layuka 480 ɗin nan su ne iyakar abin da ke akwai, kuma da yawa daga cikin na shekarun 1960 da 1970 ma an goge su an sake ɗaukar wani abu a kai domin tsimin kaset. Shekaru 35 da Bob Barker ya yi yana gabatar da The Price Is Right, daga 1972 zuwa 2007, duk a tsohuwar siffa suke, domin ya yi ritaya shekara guda kafin sauyin. Nasarori 74 a jere da ɗan takara Ken Jennings ya yi a Jeopardy! a 2004, waɗanda har yau ba a karya tarihinsu ba, su ma haka.

Idan za a sake nuna irin waɗannan a faffaɗan allo, hanyoyi uku ne: a bar baƙin fili dama da hagu, ko a ja hoton ya cika allo, ko a zuƙo shi a datse sama da ƙasa. Jan hoto yana kumbura fuskoki ya mayar da da'irar da ake juyawa a Wheel of Fortune kamar ƙwai, zuƙowa kuwa tana cinye rubu'in tsayin hoton, kuma a shirin gasa ƙasan allo shi ne mazaunin maki da farashi da amsoshi. Na sha ganin tsohon shiri da aka zuƙo har adadin kuɗin ɗan takara ya ɓace rabi, mai gabatarwa yana magana a kan lambar da mai kallo ba ya gani, kuma duk lokacin da na ga haka raina yakan ɓaci, domin mutanen da suka tsara wannan hoto sun auna kowane lungu nasa da kulawa. Ni dai na fi son a bar mini baƙin filin nan a gefe biyu, in ga Bob Barker da siririn makirufonsa da farashin kayan a ƙasan allo, daidai yadda mai ɗaukar hoton ya tsara su a ranar.