Dokin da ya faɗa f7

Yau bayan la'asar, a fadarmu ta unguwar Bukoki, ɗan ƙanwata ya zauna gabana da allon eshek, wato darar Turawa, shi da farare, ni da baƙaƙe. Ya buɗe da salon Italiya: soja zuwa e4 (kowane gidan allo da harafinsa da lambarsa), doki f3, fu ɗinsa mai tafiya a karkace ya sauka c4. Da ya kai doki g5 na tare hanya da soja a d5, ya ci, ni ma na rama da dokina. Sai ya yi shiru har shayin farko ya huce, sannan ya ɗauki dokin nan ya jefa f7, ya ce, "Kawu, ci mana." Na ci da sarki. Sarauniyarsa ta fito f3, dole sarkina ya taka e6 don kare dokin d5, ya tsaya tsakiyar fili ba mafaka.

Hannunsa na rawa lokacin da ya saki dokin, na gani. Shekara biyu baya ni na nuna masa yadda doki ke tsalle. Har yanzu wannan hannun nake tunawa, da yadda bai janye shi ba.