Inda na kwana da ɗan littafin Umara: harafin ɗ da ya ƙi zama kusa da 'yan uwansa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon tsara littafi a kwamfuta. Sati uku kenan ina kan ɗan littafin nan da Malam ya ba ni in tsara, na yadda ake Umara da Hausa, saboda baƙinmu da ke sauka nan Makka wajen Misfala da Shara Mansur, da yawansu dattawa ne ba sa jin Larabci kuma suna son abin da za su riƙe a hannu. Shafi 24 ne girman A5, Hausa a sama addu'a da Larabci a ƙasa. A Word na fara shi don shi na fi sabawa da shi.

Ranar Asabar ɗin farko na gama, na mayar da shi PDF na zuba a filashi na kai shagon da ake buga mana takardu, aka fitar min da gwaji kwafi ɗaya. Ina buɗe shafi na 7 sai gabana ya faɗi, kalmar ɗawafi da ta fito fiye da sau goma a shafin duk ta zama ɗ awafi, harafin farko ya ja gefe shi kaɗai kuma ya fi sauran siranta kamar ba gidansu ɗaya ba. Haka ƙafa, haka ɗaura harami, a kalmar taɓa kuwa ɓ ɗin ya hau kan a ɗin da ke gabansa. Dattijon da ke shagon ya ɗaga takardar ya duba ya ce min ɗana wannan ba daga injin ba ne, daga khaɗɗinka ne. Na ce Baba ai a laftof ɗina lafiya lau yake, ya ce to koma ka zuƙo shi da kyau ka gani.

Na koma gida na zuƙo shafin zuwa kashi 400 cikin ɗari, ashe tun a wajena matsalar tana nan, ƙanƙantar allo ce ta ɓoye min.

Ga abin da na gano, kuma dan Allah duk mai rubuta Hausa ya riƙe wannan. Khaɗɗi, wato salon haruffan da kake zaɓa a saman Word, ba kowanne ne yake da haruffanmu masu ƙugiya ba. Wanda na zaɓa don ya yi min kyau a ido babu ɗ babu ƙ babu ɓ a cikinsa sam. Shi kuma Word ba zai gaya maka ba, shiru zai yi ya je ya aro harafin daga wani khaɗɗin daban ya liƙa maka a wurin, to shi wannan na aro faɗinsa daban, kaurinsa daban, filin da aka bar masa hagu da dama daban, kuma lissafin matsowa da mai khaɗɗi ya yi tsakanin harafi da harafi ba ya aiki idan haruffan biyu ba daga khaɗɗi ɗaya suka fito ba. Yadda za ka kama shi abu ne mai sauƙi, ka haskaka harafin ɗ ɗin shi kaɗai ka kalli akwatin sunan khaɗɗi a sama, in ka ga sunan ya canza to aro aka yi maka.

Kuskuren da na fara yi shi ne na zauna ina bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya ina matse tazarar harafin da hannu, dare guda na kashe a kan shafi huɗu, washegari Malam ya aiko da gyaran jimla biyu layuka suka motsa aikin ya koma baya. Kar wanda ya bi wannan hanyar, wahala ce kawai kuma harafin yana nan da sirantarsa ko ka matso da shi.

Maganin shi ne canza khaɗɗin gaba ɗaya. Na sauko da Charis SIL, khaɗɗin wata ƙungiyar nazarin harsuna da ake kira SIL, kyauta ne kuma an yi shi ne musamman don harsuna irin namu masu haruffa na daban, yana da ƙanana da manya duka, Ɗ da Ƙ da Ɓ har da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa. Na gwada Andika ma, shi ma na SIL ne, haruffansa a buɗe suke don masu koyon karatu aka yi shi, a ganina ya fi dacewa da idon tsofaffi shi ya sa na sa shi a kanun shafuka. Noto Serif na Google shi ma yana da su. Yanzu kafin in amince da kowane khaɗɗi sai na rubuta jimlar gwaji, Ɗan ƙaramin ɓawo ya faɗi a Ƙofar Ɓaure, in duba ta a tsaye, in duba ta da kauri, in duba ta a karkace, saboda akwai wanda yake da ƙugiya a na tsayen amma kana danna maɓallin B na kauri sai ta ɓace a koma aro. Wanda allon rubutunsa ba shi da haruffan, a Word ka rubuta 0257 ka danna Alt da X tare zai zama ɗ, 0199 ƙ ne, 0253 kuma ɓ. Sai dai in a tsakiyar kalma ne bayan harafi irin a ko e, ka haskaka lambar tukuna kafin ka danna, in ba haka ba zai haɗa da harafin ya ba ka wani abu daban.

Sati na biyu na ɗauka an wuce wurin. Na tura wa Malam PDF ɗin, ya buɗe a kwamfutar ɗansa ya kira ni ya ce kan bangon littafin haruffa sun cakuɗe wasu sun rabe. Wannan kuma wata cuta ce daban. PDF yana ajiye wa kowane harafi gurbinsa da faɗin gurbin, to in khaɗɗin bai shiga cikin fayil ɗin ba, manhajar da ke buɗewa sai ta nemo wani ta zuba a waɗannan guraben, harafi mai faɗi a ƙaramin gurbi, siriri a babban gurbi, shi ne za ka ga wani ya hau wani, wani kuma an bar masa fili. Khaɗɗin adon da na sa a bango na samo shi ne a intanet, kuma masu shi sun kulle shi ba a yarda a cusa shi cikin fayil ba, wannan izinin a jikin khaɗɗin yake a rubuce. Na buɗe fayil ɗin a Acrobat Reader na danna Ctrl da D na shiga wajen Fonts, kowane suna akwai Embedded Subset a gabansa, wato khaɗɗin ya shiga cikin fayil ɗin, sai shi kaɗai babu komai. Tun ranar ba na barin fayil ya fita hannuna sai na duba wannan jerin, minti ɗaya ne. Na cire khaɗɗin adon na sa wani.

Sai Larabcin, wanda shi ya fi tsaya min a rai wallahi. Addu'ar da ake yi tsakanin Rukunul Yamani da Hajarul Aswad, Rabbana atina fid dunya hasanatan, aya ce ta 201 a Suratul Baƙara, layin bai cika ba sai na haskaka sakin layin duka na ƙara tazarar haruffa da rabin maki don ya kai ƙarshe. A boko wannan ba komai ba ne don haruffan dama a rarrabe suke. Larabci kuwa a sarƙe yake, da na zuƙo PDF ɗin sai ga ɗan farin tsagi a mahaɗar haruffa, a kalmar hasanatan sin da nun sun saki juna, wasali kuma ya goce daga kan harafinsa. Aya ce fa, kuma tsoho zai riƙe ta yana karantawa a gaban Ka'aba. Na mayar da tazarar sifili nan take. Shi Larabci in za a tsawaita layi da kashida ake yi, wato jan mahaɗar, Word ma yana da daidaita gefe iri uku saboda wannan, amma ni ban ji daɗin inda yake sa jan ba, don haka duk addu'o'in na sa su a tsakiyar shafi na bar su da tsawonsu. Addu'o'in hadisi na yi su da khaɗɗin Amiri, wanda aka zana bisa haruffan tsohuwar maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira. Ayoyi kuma da khaɗɗin Usmani na riwayar Hafs wanda Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina ta fitar, kuma na ba Malam ya bi su da Mus'hafi a hannu harafi harafi, ya ce min madalla ɗana haka ake yi.

Wani abu da na roƙi Baba mai shago shi ne kar yaransa su shigar da PDF ɗin cikin manhajar zane ta CorelDRAW don jera shafuka, saboda in ya shiga a matsayin rubutu kuma kwamfutarsu ba ta da Charis SIL za a sake musanya shi mu koma gidan jiya. Ya ce in ya zama dole za su shigar da shi a matsayin zane. Bango kaɗai na yarda a mayar da haruffansa zane, shi ma na ajiye kwafin asali daban don da zarar ya zama zane ba a iya gyara ko wasali ɗaya.

Wannan satin na fara kwashe aikin zuwa Scribus, manhajar tsara littafi, kyauta ne kuma yana iya Larabci daga dama zuwa hagu. Da Publisher na so koya, sai na ga Microsoft sun sanar za su daina shi a Oktoban 2026, na ga gara in zuba ƙarfina inda zai daɗe. Abin da ya burge ni da Scribus shi ne ba ya yi maka aro a ɓoye, in harafi babu a khaɗɗi za ka ga ɗan akwati a gurbinsa, kuma kafin ya fitar da PDF yana kawo jerin matsaloli har da shafin da harafi ya ɓace. Hannuna bai faɗa da shi ba tukuna, akwatunan rubutun suna ba ni wuya, shafi 9 kawai na kwashe cikin 24.

Malam ya ce akwai tsofaffin da boko ba ya shige musu sai ajami, yana so a yi musu nasu bayan wannan. Na sauko da khaɗɗin Alkalami na SIL wanda aka yi shi a kan salon rubutun Kano, na buga layi biyu na gwaji, wasalin imala, wato na sautin e, da ake ɗigawa a ƙasa ya zauna daidai a allo. Gobe bayan la'asar zan kai wa Baba shafi ɗaya na ajamin tare da gwaji na uku na bokon mu gani a takarda.